Diskin da Suruki Ya Ara

Matasan da suke buɗe rumfunan tura fina-finai da waƙoƙi a bakin tashar Tasawa sukan ce mini aikina ba wuya. A ganinsu, idan ordinata, wato kwamfuta, ta ƙi tashi sai a yi mata formate, wato a share duk abin da ke cikinta, a sake zuba mata tsarin da ke tafiyar da ita, mai ita ya ɗauka ya tafi. Ba na gardama da su, domin na'urar takan tashi ɗin. Abin da ba ya tashi shi ne abin da mutum ya tara a cikinta. Don su nake rubuta wannan, kuma zan tsaya a kan aiki guda, wanda ya zo mini a shekarar da wutar lantarki ta fi ba mu wahala.

Mushe Lawali, kamar yadda muke kiran malaman boko, malamin lekol ne, wato makaranta, a nan Tasawa, amma asalinsa ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Hawandawaki, kuma gidansu gidan makaɗan noma ne. Mahaifinsa, Baba Nomau, shi ne mai gangar noma ta yankinsu. Wanda bai tashi a karkara ba zai ɗauka kiɗan noma kiɗa ɗaya ne. Ba haka ba ne. Kowane gidan manoma da nasa take, wato salon bugun da idan aka yi shi mutanen gidan sun san da su ake, da kuma kirarin da ke tafiya tare da shi. Ba a buga wa wani gida taken wani. Baba Nomau kaɗai ya riƙe su duka a kansa. Da Lawali ya ga tsufa ya fara taɓa shi, sai ya riƙa zuwa gida duk hutu da ƴar na'urar ɗaukar murya, yana sa tsohon ya faɗi sunan gida, ya buga takensa, ya yi kirarinsa. Idan ya dawo Tasawa sai ya zuba su a ordinatarsa ta gida, wata tsohuwa mai akwati da ya saya hannu na biyu a Maraɗi.

Ranar da ya fara kawo mini ita ba ta da ciwon komai. Cewa ya yi in tsare masa ita, domin akwai abin da ke ciki wanda ba a sayar da irinsa a kasuwa. Masu kawo aiki irin wannan ba su da yawa. Akasarin mutane sai gobara ta tashi suke tambayar inda rijiya take. Na kunna mata abin da muke kira wurin komawa, wato na'ura ta riƙa tuna yadda tsarinta yake lokacin da take lafiya, idan wani abu ya rikita ta a mayar da ita can. Na kuma yi masa kilen ceto, ƴar kile ce mai kamar ɗan yatsa da ake sokawa a jikin na'ura, a tayar da ita ko da ta ƙi tashi da kanta. Sannan na sa ya sayi diski na waje, baƙi, mai girman tafin hannu, na nuna masa yadda zai riƙa kwafe muryoyin a kai duk lokacin da ya dawo daga ƙauye. Na gaya masa ya lura da kyau: wurin komawa da kilen ceto na'ura suke ceto, diskin ajiya ne kaɗai yake ceton kayan mutum. Lawali mutum ne mai riƙon magana. Bai taɓa dawowa daga ƙauye ya kwana bai kwafa ba.

Ni ma ba a littafi na koyi wannan ba. Kafin in shiga gyaran ordinata na daɗe ina kula da na'urori a wani ƙaramin gidan rediyo, zamanin kaset. A can na ga yadda za a yi tafiya mai nisa a ɗauko hira da tsohuwa mai tarihin gari, wani ya zo da gaggawa yana neman kaset ɗin da zai ɗauki sanarwar biki, ya danna a kanta. Da na'urori masu ƙwaƙwalwa suka fara shiga gidajen mutane, na tafi Maraɗi wajen wani magyari, Malam Bukari, na zauna a ƙarƙashinsa. Ya daɗe bai bar ni na taɓa ko turnabis, abin kwance kusoshin na'ura, ba. Aikina na farko shi ne in ba mai kawo na'ura kujera, in tambaye shi abin da ke cikinta wanda ba zai iya rasawa ba. Malam Bukari yakan ce na'ura ba ta gaggawa, mai ita ne yake gaggawa, kuma gaggawarsa ita ce ke kashe masa kaya. Shi ya koya mini in kara kunnena a jikin diski in saurara. Mai lafiya gunaguni yake yi, shiru-shiru. Wanda ya fara ƙas-ƙas kamar ana ƙyasta ashana, kashe shi ake yi nan take, domin duk juyawar da ya ƙara yi ɓarna ce. Kayan aikina har yau ba su wuce waɗanda na baro wajensa da su ba: turnabis manya da ƙanana, buroshi mai laushi, mitar auna wuta, wayar da ake haɗa diski tsirara da wata na'ura, da diski-diski marasa komai waɗanda suka fi na masu kawo aiki girma.

Na ga ajiya iri-iri a wannan sana'a. Na ga ma'aikacin biro, wato ofis, da yake sa diskin ajiyarsa cikin jaka ɗaya da na'urar, jakar ta ɓace a motar haya, ya rasa uwa ya rasa ɗa. Na ga wata Hajiya mai sayar da atamfa da ta ɓoye nata a cikin kwanon da ke saman kabad, ƙarƙashin kwanon rufi, zafi ya dafa shi. Wani mutumin Attantane kuwa ya zo mini da kile yana alfahari ya yi ajiya, da muka buɗe sai muka tarar hotunan ƙofofin dosiye kawai ya kwafa, wato alamun da ake dannawa a buɗe kaya, kayan suna can cikin na'urar da ta mutu. Amma irin abin da ya sami Lawali ban taɓa kawo shi a raina ba.

A farkon daminar waccan shekara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba Nomau. Hannun dama ya mutu, magana ta ɗauke. Yana gane mutane, yana cin abinci, amma idan aka ce masa ya nuna taken gidan wane, sai ya kalli mai tambaya kawai. Ganga ta faɗo kan ƙanen Lawali, Habu, magidanci ne da ya daɗe yana ɗinki a kasuwannin ƙauye. Habu ya iya riƙon gula, sandar kiɗa, ya bi tsohon zuwa gayya yana saurayi, amma taken da ya riƙe bai kai rabi ba. Ga shi kuma daminar ta yi kyau a yankinsu, har wani manomi mai suna Mati, na gidan Barmo, ya sanar cewa zai yi dubu da kaka, wato ya tara dami dubu na hatsi a naɗa shi sarkin noma. A irin wannan taro makaɗi yakan buga wa kowane gida takensa a gaban jama'a. Idan ya kasa, ko ya buga wa wani gida na wani, za a nemo makaɗi daga wani gari, kuma gangar da ta fita gida ta haka ba ta cika dawowa ba. Shawarar da Lawali da ƙanensa suka yanke ita ce Habu ya gama girbin wakensa ya zo Tasawa ya zauna gaban ordinata ya koya daga muryar mahaifinsa.

Shekarar kuwa ba ta yi wa masu na'urori kyau ba. Wuta ta koma baƙuwa. Ta zo ba sallama, ta tafi ba ban kwana. Kowa ya koma ga gurup, injin wuta mai shan isanshi, wato fetur, unguwa guda ta ja waya daga na mutum ɗaya. Gurup idan isanshinsa ya kusa ƙarewa yakan yi ta haki, wuta ta faɗi ta tashi, kuma tashin nan ne yake ƙone kaya. Shagona ya cika da na'urorin da ba su da magani, ga hanyar kawo kayan gyara ta yi tsawo. Akwai kwanakin da aikina bai wuce in buɗe, in sunsuna, in yi wa mai ita jaje ba.

Haka Lawali ya iso wata safiya da akwatin ordinatarsa ɗaure a bayan babur. Tun kafin in cire murfin na ji ƙaurin. Ya haɗa ta da gurup ɗin maƙwabcinsa don ya buga wa ɗalibai jarrabawa. Tukunyar wutarta ta ƙone, wannan ba komai ba ne, ina da wata. Na ciro diskin ciki na haɗa shi da tawa na'urar, na kara kunne. Ko motsi bai yi ba. Na canza masa allon bayansa da na wani irinsa, ya ɗan juya, ya fara ƙas-ƙas, na kashe. Irin wannan sai ɗakunan gyara na ƙasashen waje, su ma ba kullum ba. Na sa wa na'urar sabon diski, na soka kilen ceton da na yi masa, kafin a kira azahar ta tashi garau kamar ba abin da ya same ta. Sai dai fanko ce. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ya kawo diskin ajiya mu mayar da komai wurinsa.

Ya cire hularsa ya riƙa juya ta a hannu.

Abin da ya faru shi ne, surukinsa, mahaifin matarsa, Alhaji Idi mai sayen wake, ya zo duba jikokinsa, ya ga diskin a kan tebur, ya ce ai irin wannan ne ake zuba wa fina-finai a haɗa da tele. Ya ce a ba shi aro. Ku da kuke karanta wannan kun san matsayin. Lawali ba ya iya haɗa ido da Alhaji, ba ya kiran sunansa, ba ya cin abinci a gabansa, balle ya ce masa a'a a kan abu mai girman tafin hannu. Da hannu biyu ya miƙa masa. Ya ce a ransa ai asalin muryoyin suna cikin ordinata, idan diskin ya dawo shi ke nan. Alhaji ya aika da shi wata rumfa a tasha. Mai rumfar ya ga tele ba za ta karanta diskin yadda yake ba, ya yi masa formate, ya zuba fina-finai.

"Ka je ka karɓo shi yanzu," na ce.

"Malam Hamisu, da wane baki?"

Na ga gaskiyarsa. Ni ba surukina ba ne, sai na ɗauki wani diski daga cikin nawa, na rufe shago na tafi da kaina. Dalilin gaggawata shi ne wannan, kuma shi ne abin da nake so masu rumfuna su riƙe. Formate irin ta sauri ba ta share kaya. Kamar a bi gonaki ne a tuge gambar da ke nuna iyakar kowa: hatsi yana nan tsaye, sai dai ba a san na wane ba ne. Abin da ke kashe shi shi ne sabon abin da aka zuba a kai. Duk fim ɗin da ya ƙara shiga diskin nan, a kan muryar Baba Nomau zai zauna.

Na sami Alhaji a ƙofar gidansa ana auna masa wake. Muka gaisa, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma.

"Kai da ba ka barin shago, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Alhaji. Ɗan baƙin akwatin nan da ke bayan telenka na zo gani."

"Na Lawali? Yaron kirki, ko musu bai yi ba. Gobe ma nake so a kai shi tasha a ƙaro mini. Na cikin na gama su, har na kusa jin Indiyanci."

Na ce masa wancan ba na kallo ba ne, na ajiya ne, ga wani na kawo masa wanda ya fi dacewa da tele. Alhaji ɗan kasuwa ne, ya san ba a kawo wa mutum sabo a karɓi tsoho a banza. Ya dube ni ya tambaye ni abin da aka ajiye a ciki. Lawali ya roƙe ni kada in faɗa, amma na ga ɓoyewar ba za ta amfani kowa ba, na gaya masa gangar Baba Nomau ce, kuma ba ta ko'ina yanzu sai nan.

Ya ɗaga hannu ya tsayar da mai awo.

"Ashe a kan gangar Nomau nake zaune ina kallon rawar wasu. Mi ya hana yaron nan ya faɗa mini?"

"Alhaji, kai ka taɓa ce wa naka surukin a'a?"

"Ni? Ya taɓa aron jakina da damina ta tsaya, har igiyar ɗaure shi na bi shi na kai masa."

Ya tashi da kansa ya shige gaba har ɗaki. Zai fizge wayar na riƙe hannunsa, na kashe tele tukuna, sannan na zare.

Ka'idar wannan aiki ita ce ba a aiki a kan diskin da ake son ceto. Ana fara kwafe shi ne gaba ɗaya, daga farkonsa har ƙarshensa, da inda ke da kaya da inda ake ganin ba komai, zuwa wani diski, sannan a ajiye na ainihi a aljihun tebur a yi ta bincike a kan kwafin. Idan an yi kuskure, kwafi aka ɓata. Matsalar ita ce kwafi irin wannan ya fi tsawon zaman da wuta take yi mana a lokacin, kuma gurup ba zan yarda ya kusance shi ba. Ina cikin tunanin inda zan samo batir sai ga amalanke a ƙofar shago, ɗauke da batir babba da pano mai ɗaukar hasken rana. Alhaji ne ya sa aka kwance na shagonsa, ya aiko da saƙon cewa kada in dawo da su sai ganga ta fito. Na kafa pano a kan rufi. Lokacin zafin ƙarshen damina ne, diski yana ɗaukar zafi har ba ka iya barin yatsa a kansa, sai na ɗora shi a kan tayil kusa da randa, na sa masa ƴar fanka. Na hana kowa jingina da tebur.

Da kwafi ya kammala na saki manhajar bincike a kansa. Aikinta shi ne ta bi diski taku-taku, ba ta damu da iyakokin da aka tuge ba, duk inda ta ga abin da ya yi kama da murya ko hoto ta tsamo shi. Abin da take fitowa da shi ba ya zuwa da suna, lamba kawai. Suka yi ta zubowa, tuli guda: guntayen fina-finai, hotunan ɗalibai, takardun jarrabawa, da muryoyi. Daga nan na'ura ta gama nata, saura kunne. Na sa wa kunnena abin ji na zamanin rediyo da na daɗe ban taɓa ba, na buɗe na farko. Tari na fara ji, sannan muryar tsoho, sarai kamar yana cikin shagon, ya faɗi sunan wani gida, ganga ta biyo baya. Na aika a kira Lawali.

Habu ya baro wakensa a gona ya zo. Muka zauna mu uku muna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, Lawali yana sa wa kowane suna, Habu yana bin bugun da yatsunsa a kan gwiwa. Wani lokaci sai ya tsayar da mu ya ce a mayar, ya ce ashe nan ne yake kuskure tun yana saurayi. Mutanen da suka zo karɓar na'urorinsu sukan manta da abin da ya kawo su, su tsaya a bakin ƙofa. Mafi yawan gidajen sun fito lafiya ƙalau, ba ko ƙwarzane.

Da muka kai ƙarshe Habu ya ce akwai saura. Ya ce manyan gidajen ba su fito ba. Na duba na gane dalili. Al'adar makaɗan noma ce ba sa fara kiɗa daga tsakiya. Daga gidan da ya fi kowane daɗewa a gari suke farawa, su gangaro bi da bi. Haka Baba Nomau ya yi wa Lawali lokacin ɗauka. Saboda haka tsofaffin gidaje su suka fara shiga diski, suka zauna a bakinsa, kuma a bakin ne fina-finan Alhaji suka sauka. Ƴan gidajen farko sun tafi gaba ɗaya. Na ƙarshe a cikinsu shi ne gidan Barmo, gidan Mati mai dubu. Nasa wutsiyarsa kawai na samu, guntun bugu da ƙarshen kirari, ba kai. Na sake bincike da wata manhajar, na bi wurin da hannu, ba abin da ya ƙaru. Na gaya musu gaskiya: abin da aka rubuta wani abu a kansa ba magyarin da zai dawo da shi, duk wanda ya ce zai iya yaudara ce.

Kafin mu tashi na kwafe abin da muka samu wuri uku, domin tun daga wannan aiki na canza yadda nake yi wa mutane ajiya. Ɗaya a gida, ɗaya a wani gidan dabam, kuma na gida ba a barinsa inda ido zai gan shi, domin a garinmu abin da ido ya gani baki zai roƙa, kuma akwai bakin da ba a iya hanawa. Nakan ce wa kowa ya sayi wata ƴar kile ta banza ya ajiye a fili, ta aro.

Lawali ne ya ce mu kai wa tsohon ya ji muryarsa, ko ba komai zai ji daɗi. Na ɗauki ƙaramar lasifika da na'urar ɗaukar murya, wadda ba na tafiya ba ita tun zamanin rediyo. Muka bi hanyar rairayi a kan babura, ana ta yankan hatsi hagu da dama. Mun tarar da Baba Nomau a jingine a inuwar zaure, da wasu dattawan gari suna taya shi zama, ga ƙwaryar furarsa a kife a gefensa na hagu. Na durƙusa na gaishe shi, ya ɗaga mini ido. Na kunna masa gidaje biyu ko uku daga cikin waɗanda suka fito lafiya. Ya saurara, bai motsa ba. Habu ya ce in sa guntun gidan Barmo, ko wani daga cikin dattawan zai tuna farkonsa. Na sa. Bugun ya shigo daga tsakiya, ya yi ɗan abin da zai yi, ya ƙare.

Fuskar tsohon ta ɓaci, irin ɓacin da malami yake yi idan an fara karatu daga inda bai kamata ba. Hannunsa na hagu ya lalubi bayan ƙwaryar. Ya buga sau ɗaya, ya tsaya, sannan ya kama wani bugu a hankali. Na danna ɗauka. Habu ya matso ya raɗa mini cewa wannan ba na Barmo ba ne. Kafin in amsa, wani dattijo da ke gefe ya gyara zama ya ce, "Wanga namu ne," ya fara kirarin gidansu da bakinsa. Gidan farko ne na garin. Tsohon bai yarda ya shiga daga tsakiya ba, ya koma can sama inda ake farawa.

Habu ya shiga gida da sauri ya fito da ganga, ya zame ƙwaryar ya sa ta ƙarƙashin hannun mahaifinsa. Da take ya ƙare tsohon ya ɗan huta, ya shiga na biye. Wanda ba mutumin gidansa a wurin, aka aika gona aka kira shi, muka jira, ya zo da lauje a hannu ya yi kirarinsa. Haka muka gangaro gida-gida. Bugun ya fi na da sanyi, hannu ɗaya ne kuma na hagu, amma Habu ya ce ba inda ya karkace. Da aka iso gidan Barmo, Mati da kansa yana tsaye a bakin zaure. Tsohon ya buga shi daga kai, ya bi da shi har ya haɗe da guntun da na tsamo, daidai wurin. Sannan ya janye hannunsa ya rufe ido. A nan kan tabarma na kwafe abin da na ɗauka a wayar Lawali da ta Habu kafin in yarda in sha ruwa.

Habu ya yi sauran kwanakin kaka da abin ji a kunne, a gona da kan keken ɗinki. Ranar dubu na rufe shago na je. An jera damman hatsi a fili kamar katanga, jama'a daga ƙauyuka sun cika wurin. Aka kawo Baba Nomau a amalanke aka tsayar da ita a inuwa kusa da makaɗa. Habu ya rataya ganga, ya fara daga gidan farko, kowane gida ya ji nasa ya amsa, ba wanda ya ce an ba shi na wani. Da ya shiga taken Barmo mata suka yi guɗa, shi kuma daɗi ya ɗebe shi ya fara sauri. Sai aka ji bugu a jikin katakon amalanke, ɗaya, ɗaya, a hankali. Habu ya waiwaya, ya saurara, ya rage hannu har ya daidaita da na tsohon. Mati ya saɓa hauyarsa ya shiga fili.